An ce mai ciki ta kwanta ta huta: wa zai riƙe gidan?

Tambaya

Wani magidanci ne ya aiko da wannan: "Maiɗakina tana da cikin wata shida da rabi. Mako biyu da suka wuce ta ga jini, muka je asibiti, hoto ya nuna mabiyiya ta sauko kusa da bakin mahaifa. Aka ba ta gado kwana uku, sannan aka sallame mu, aka ce ta je gida ta kwanta ta huta. Tun ranar ba ta tashi sai in za ta kewaya. Yaranmu uku, babbar shekararta 12, ita ke girki yanzu, har ta fara fashin makaranta. Sana'ar awarar da uwar take yi ta tsaya cak. Hajiyata kuma cewa take son jiki ne, su a zamaninsu har ranar haihuwa suna daka. Ni kasuwa nake fita, amma hankalina yana gida. Dole ne wannan kwanciyar? Har zuwa yaushe? Yaya zan yi da gidan?"

Amsa

Malam, sannu da ɗawainiya. Allah ya ba ta lafiya, ya raba su lafiya.

Ban duba maiɗakinka ba, ban ga hotonta ba, don haka kada ka canza komai cikin abin da aka faɗa muku sai ka koma wurin likitan da ya gan ta. Amma ina so ka koma ɗin cikin makon nan, kada ka jira ranar awo ta zagayo. A yadda ka kwatanta, gidanka yana biyan wannan kwanciya da tsada ƙwarai, alhali kwanciya dare da rana ba ta cikin abubuwan da bincike ya tabbatar suna tsare ciki. Ciwonta na gaske ne, kuma mai haɗari. Abin da ba a fayyace muku ba shi ne irin hutun da ake nufi, da abubuwan da suka fi hutun muhimmanci.

Mabiyiya, wato naman nan da ke biyo jariri bayan haihuwa, ita ce ke ciyar da ɗan da ke ciki daga jinin uwa. Yawanci can saman mahaifa take mannewa. A wasu matan sai ta zauna a ƙasa, ta kusanci bakin mahaifa ko ta rufe shi ruf. Idan ciki ya shiga watanni ukun ƙarshe, ƙasan mahaifa yakan fara miƙewa yana sirancewa don shirin haihuwa, mabiyiya kuwa ba ta miƙuwa tare da shi, sai gefenta ya ɗago, jini ya ɓalle. Shi ya sa irin wannan jinin yake zuwa ba ciwon mara, ba naƙuda. Sau da yawa ma mace tana barci ne, sai ta farka ta tarar zaninta ya jiƙe. Ka riƙe wannan a ranka: tana kwance ma yana zuwa. Na farko yakan tsaya don kansa. Wanda muke tsoro shi ne na biyu ko na uku, domin yana iya zuwa da ƙarfin da mace za ta galabaita cikin ƙasa da awa guda.

Akwai abin da zai ɗan sanyaya maka rai. Yayin da mahaifa ke girma, takan ja mabiyiya sama, ta bar hanya. Cikin matan da aka ga mabiyiyarsu a ƙasa a hoton tsakiyar ciki, kusan 9 cikin 10 zuwa ƙarshe sai a tarar ta matsa. Don haka ake maimaita hoto wajen mako na 32, a sake wajen mako na 36 idan har yanzu tana ƙasa. In ta rufe hanya, ko kuma tazarar da ke tsakaninta da bakin mahaifa ba ta kai santimita 2 ba, to tiyata za a yi, galibi tsakanin mako na 36 da na 37, ko kafin nan idan jini ya yi ta dawowa. Amsar "har zuwa yaushe" tana jikin waɗannan hotuna biyu.

Yanzu ga maganar kwanciya. Likitoci sun daɗe suna ba masu ciki wannan shawara, a kan kusan kowace matsala: ganin jini, hawan jini, tagwaye, naƙudar da ta taso kafin lokaci, ɗan da ba ya girma, fayar da ta fashe da wuri. Hankali ne ya ba da ita, ba gwaji ba. Ana ganin kamar mahaifa buhu ne mai buɗaɗɗen baki, in mace ta miƙe tsaye abin ciki zai zubo. Da aka zo aka gwada sai aka ga ba haka jikin yake aiki ba. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko a Afirka ma aka yi shi, a birnin Harare na Zimbabuwe, aka wallafa a 1985: an raba masu cikin tagwaye gida biyu, wasu aka kwantar da su asibiti su huta, wasu aka bar su a gida suna harkokinsu. Waɗanda aka kwantar ba su tsira daga haihuwar bakwaini ba, su ne ma suka fi haihuwa kafin lokaci. Ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon gwaje-gwajen likitanci na duniya, ta bibiyi abin a kan ɓari, da haihuwa kafin lokaci, da cikin tagwaye, ba ta sami hujjar cewa kwanciya tana hana ko ɗaya daga cikinsu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2011 ta ce ba ta ba da shawarar tsananin kwanciya ga mai ciki mai hawan jini. A 2013 wani nazari a Amurka kan mata masu cikin fari da bakin mahaifarsu ya gajarce ya nuna waɗanda aka taƙaita wa motsi sun fi haihuwa kafin lokaci a kan waɗanda ba a taƙaita wa ba. Zuwa 2020, ƙungiyar likitocin Amurka masu kula da ciki mai haɗari ta fito fili ta ce a daina rubuta wa mata kwanciya a matsayin al'ada.

Ga ɓarin farkon ciki kuwa, kusan rabinsa daga matsalar halittar ɗan tayin ne tun ranar da cikin ya shiga. Ba tsalle, ba shara, ba hawa babur ne ya jawo shi ba, kuma kwanciya ba za ta gyara shi ba. Na faɗi wannan ne saboda mata da yawa da ke karanta mu, waɗanda har yau suke tuhumar kansu a kan cikin da ya zube shekaru da suka wuce.

Ita kanta kwanciyar tana da illa a jiki. Ciki kaɗai yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa kamar sau 4 zuwa 5, saboda jinin mai ciki yakan ƙara saurin daskarewa don shirin haihuwa. In aka haɗa da rashin motsi sai haɗarin ya ƙaru, gudan jinin kuma yana iya ɓallewa ya tafi huhu, abin da ke iya kashewa nan take. Tsoka tana raguwa tun cikin makon farko, ƙashi yana rasa ƙwari, bayan gida yana taurarewa, abinci ya fita daga rai, barcin dare ya gagara saboda an yini a kwance. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, idan tana son ganin abin da zama a sama ke yi wa jikin ɗan adam, lafiyayyun mutane take kwantarwa a gado na makonni, saboda lahanin iri ɗaya ne. Macen da ta shafe wata biyu a kwance za ta shiga tiyata da jego da jikin da ya riga ya raunana.

To me ya sa har gobe ake cewa mace ta je ta kwanta? Wani lokaci sabo ne. Wani lokaci likita yana da layin mata sama da hamsin a ƙofa, ba shi da minti goman da zai zauna ya rarrabe mata abin da za ta yi da wanda za ta bari. Amma akwai dalili na uku da ya shafi gidajenmu kai tsaye. Likita ya san in ya ce "ki rage aiki", gobe da asuba za a gan ta a bakin rijiya tana jan guga, ko a tsugune gaban bahon wanki, ko da yaro a baya da turmi a gaba. Ya san kalmar da dangin miji za su ji tsoronta ita ce "kwanciya". Sai ya faɗi babbar don a samu a yi ƙaramar. Su kuwa iyalai masu kulawa irin naka sai su ɗauki maganar yadda aka faɗe ta, mace ta koma ko kofin ruwa ba ta ɗauka da kanta. Binciken da na ambata bai ce mai mabiyiya a ƙasa ta ci gaba da ɗaukar jarka mai lita 25 ba. Akwai fili mai faɗi tsakanin aikin ƙarfi da kwanciya dare da rana, kuma a cikin filin nan yawancin irin waɗannan mata ya kamata su zauna.

Ga mai irin matsalar maiɗakinka, abin da aka saba hanawa sananne ne: saduwar aure, ɗaukar kaya mai nauyi, aikin da ke sa yunƙuri, doguwar tsayuwa, tafiya mai nisa da asibiti. Sai babbar doka, wadda nake so kowa a gidan ya haddace: kada wani ya sa mata hannu a gaba da sunan dubawa, ko ungozoma ce, ko ma'aikaciyar kemis, ko ma'aikaciyar asibitin da ba ta san labarin hoton ba. Yatsa ɗaya yana iya taɓa mabiyiya ya ɓalle jinin da ba ya tsayawa sai a ɗakin tiyata. Ita da kanta ta riƙa faɗa tun daga bakin ƙofa: "An ce mabiyiyata tana ƙasa." Amma zagaya tsakar gida, wanka, zama a kujera tana tsinke zogale ko tana duba karatun yara, waɗannan yawanci ba a hana su idan jini ya tsaya. Ka tambayi likitanta ɗaya bayan ɗaya, da sunansu.

Bari mu shiga gidan, domin nan ne tambayarka ta fi nauyi, kuma nan ne asibiti ya fi yin shiru. Wata ma'aikaciyar jinya mai bincike a Amurka, Judith Maloni, ta shafe shekaru tana nazarin abin da kwanciyar masu ciki ke yi wa mata da iyalansu. Abin da iyalai suka riƙa gaya mata shi ne wahalar samun mai kula da yara, nauyin aikin gida da ya faɗo kan miji, raguwar kuɗin shiga, da damuwar da ta kama kowa har da ƙananan yara. Wannan fa a ƙasar da ake da injin wanki da famfo a ɗaki. Sai ka auna da gidan da mace ɗaya ce ke girki sau uku, ita ce wanki, ita ce ɗebo ruwa, ita ce shirya yara boko da Islamiyya, kuma ita ce ke cike giɓin cefane da ribar sana'arta.

Wanda ya fi damuna cikin wasiƙarka ita ce 'yarka mai shekara 12. A gidajenmu, duk ranar da uwa ta kwanta, babbar 'ya mace ce ke zama uwa, kuma babu wanda yake zama ya yanke wannan shawara, haka kawai abin yake zamewa. Ana yaba mata, ana cewa yarinyar nan akwai hankali, ita kuma sai ta ƙara zage damtse don ta ji an yaba. Amma wata biyu ko uku na fashin makaranta zango guda ne cur, kuma yarinyar da aka bari a baya a aji takan fara jin kunyar komawa. Ga haɗarin wuta da tafasasshen mai da tukunyar da ta fi ƙarfinta, ga ƙanne biyu suna zagaya murhu. Sannan akwai abin da ba ta faɗa wa kowa. Yarinya mai wannan shekaru tana jin duk abin da manya ke tattaunawa ƙasa-ƙasa. Ta ga zanin da jini ya ɓata, wataƙila ma ita ta wanke shi. Tana kwana da tunanin ko Mama za ta mutu, kuma tana ganin in ta yi kuskure a aikin gida har Mama ta tashi, laifinta ne. Malam, ka zaunar da ita, kai da kanka, ka gaya mata gaskiya daidai hankalinta: Mama tana da matsalar da likitoci suka sani, suna da yadda za su yi da ita, kuma kula da Mama aikin manya ne. Ta taimaka da yamma da ranakun hutu, kamar yadda kowace 'ya take yi. Safiyar makaranta kuwa a bar mata.

Wa zai yi girkin ke nan? Wannan tambaya ce da ya kamata a kai gaban dangi biyu a fili, maimakon jiran wani ya ga dama. Mutanenmu suna da kirki, amma zuwa dubiya suka fi sabawa da shi: a cika ɗaki ranar farko da ta biyu, a yi sannu, a watse. Abin da kuke buƙata shi ne mutum babba guda da zai kwana a gidan, ƙanwarta ko gwaggonta ko wata dattijuwa daga danginka, tare da tsarin da kowa ya san ranarsa. In maƙwabciya ta ce "in akwai abin da za a yi a faɗa", to a faɗa: ta haɗa da yaranku in za ta kai nata makaranta, ko ta ƙara gwangwani biyu a tukunyar ranar Talata ku ba da shinkafar. Akwai kuma al'adarmu ta goyon ciki, wadda aka fi yi a cikin fari, amma babu abin da ya hana a yi ta a na huɗu idan lalura ta kawo. Sharaɗin kawai shi ne gidan iyayenta ya kasance kusa da asibitin da ke tiyata da ƙarin jini. In ƙauye ne mai nisa, kada ta je, uwar ce za ta zo.

Kai ma akwai naka kason. Na san ba haka aka tashe mu ba, amma ɗebo ruwa kafin ka fita, yi wa ƙananan wanka, sayo abincin rana a ranar da ba mai girki, ba su rage wa namiji komai. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana taya iyalinsa aikin gida, kamar yadda Nana A'isha ta ba da labari.

Sai kuɗi. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, don haka ciwo irin wannan yana cin gida ta baki biyu: kuɗin shiga ya ragu, na fita ya ƙaru. Abin da na fi ganin yana faruwa shi ne jarin mace ne ake fara cinyewa, kaɗan-kaɗan, yau kuɗin mota, gobe na magani, jibi na lemo da maltina ga masu dubiya. Ranar da aka ce a kawo kuɗin tiyata sai a tarar ba komai, ita kuma ta tashi daga jego ba jari, masu sayen awararta sun koma wani gida, ga zubin adashe ya taru mata. Wannan tunanin yana hana ta barci fiye da yadda kake zato. In likita ya yarda ta zauna, sana'ar ba sai ta mutu ba. A ɗauki wata a biya ta ta yi kai markaɗe da tata da suya, ita kuwa tana zaune tana yanka, tana ƙullawa, tana karɓar kuɗi. Ribar za ta ragu, amma masu saye ba za su watse ba, ita ma za ta ji har yanzu tana da amfani a gidanta. A yi wa uwar adashe magana tun yanzu. Kuɗin tiyata da na jini kuma a fara ware su yau, a wurin da hannu ba ya kai musu.

Ga ma'aikata masu karanta wannan, sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba mace hutun haihuwa na mako 12, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata 6 tana aikin, kuma ya hana a sallame ta saboda rashin lafiyar da ciki ya jawo muddin akwai takardar likita. Ma'aikatan gwamnatin jihar Kaduna wata 6 ne, a Nijar mako 14. A nemi likita ya rubuta takardar rashin lafiya daban, don kada hutun haihuwar ya ƙare tun kafin jariri ya zo.

Maganar Hajiya kuwa, kada ka yi musu da ita, kuma kada ka bar maiɗakinka ta kare kanta da bakinta. Hajiya gaskiyar abin da ta gani take faɗa: mata da yawa sun yi daka har ranar haihuwa sun sauka lafiya, saboda mabiyiyarsu tana inda ya kamata. Amma in ka tambaye ta cikin ladabi, za ta tuna da wance da wance da jini ya ɓalle musu suna kan gwiwa ko kafin nan, aka rasa su, aka ce kwana ne ya ƙare. Wasu daga cikinsu wannan ciwon ne, babu hoton da zai nuna shi a lokacin. Abin da ya fi aiki shi ne ka tafi da ita asibiti ranar da za ku koma, likita ya nuna mata hoton, ta ji da kunnenta. Na sha ganin surukar da ta shigo tana taɓe baki ta fita ita ce mai tsaron ƙofa, ba ta barin kowa ya sa matar ɗanta aiki. Ka roƙi Hajiya kuma kada a ba maiɗakinka wani jiƙo ko sassaƙe da sunan tsayar da jini ko maganin zaƙi. Addu'a kuwa a yawaita.

Ita kanta mai cikin, wadda kowa ke ganin tana hutawa, ita ce ta fi kowa gajiya. Tana kwance tana jin ƙaramin yana kuka ba ta isa ta ɗauke shi ba, tana jin ƙaurin tuwo, tana jin maganar da ake yi a tsakar gida. Duk motsin da ta ji a mararta sai gabanta ya faɗi, duk zuwa bayi sai ta duba zani. Ga wani mugun nauyi da kwanciya ke ɗora wa mace: tunda an ce kwanciya ce ke riƙe cikin, to in wani abu ya faru, ita ce ta tashi. Na ga matan da suka rasa ciki suna lissafa ranar da suka miƙe suka share ɗaki, suna kuka suna neman gafarar miji. Ka gaya mata tun yanzu, a gaban Hajiya in da hali, cewa in jini ya dawo ba laifinta ba ne, yanayin ciwon ne. Idan ka ga ta daina cin abinci, tana yawan kuka, ba ta son magana, ko tana cewa gara ta mutu ta huta, ka faɗa wa likita. Ciwon damuwa yana kama masu ciki, yana da magani, kuma wadda ya kama tana da ciki ta fi shiga haɗarinsa bayan haihuwa.

Tsakaninku ma akwai gyara. An hana saduwa, ba a hana zama da hira ba. Ka dawo da wuri, ka ci abinci a ɗakinta, ka nemi shawararta kan harkar gida kamar da. Masu mace fiye da ɗaya, kada a ce tunda ba ta girki ta fita daga rabon kwana, ko a bar abokiyar zama ta yi ta ɗawainiya ba godiya ba ƙarin cefane har zuciya ta ɓaci. Maganar ƙarin aure a irin wannan lokaci, ko da wasa, zalunci ne.

In jinin ya dawo, mai yiwuwa a riƙe ta asibiti har ta haihu, musamman idan gidanku da nisa. Dalilin ba gadon ba ne, kusanci ne da ɗakin tiyata da jini. Wannan ma da nasa nauyin. Mai jinya tana kwana a tabarma a baranda, ana safarar kwanon abinci da fulas ɗin kunu safe da yamma, ita kuwa idonta yana kan ƙofa da zarar lokacin ziyara ya yi. Abin da ya fi karya musu zuciya shi ne ranar da aka kawo ɗan shekara biyu bayan makonni, ya maƙale a jikin wadda ta kawo shi, ya ƙi zuwa wurin uwarsa. A riƙa kawo yara a kai a kai inda asibiti ya yarda, a riƙa haɗa su a waya kullum kafin su yi barci. A asibitin ma ta riƙa tashi tana zagayawa in ba jini take yi ba.

Ƙarfin da gidan yake kashewa wajen hana ta motsi, ga inda ya kamata ya koma. Ka san rukunin jininta, ka kai mutum biyu ko uku daga dangi a gwada su tun yanzu, in asibitin yana karɓa ma a ba da jinin a ajiye. In jininta irin wanda ake cewa nagetif ne, akwai allurar da ake yi mata bayan ta ga jini, ka tambaya ko an yi. Ta riƙa shan maganin ƙarin jini kullum, a duba yawan jininta, domin mace mai isasshen jini ta fi jure zubarsa. Ka tambaya ko an yi mata allurar da ke ƙosar da huhun jariri, wadda ake yi tsakanin mako na 24 da na 34 idan ana tsoron haihuwa kafin lokaci. Wani babban gwaji da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a ƙasashe biyar har da Najeriya, aka wallafa a 2020, ya nuna tana rage mutuwar bakwaini. In an taɓa yi mata tiyatar haihuwa, ka tabbatar likita ya sani, saboda mabiyiya takan nutse cikin tsohon tabo, kuma wannan aikin babban asibiti ne. Ka san asibitin da ke tiyata da dare, mai ajiyar jini da sashen jarirai. Ka daidaita da mai mota ko mai adaidaita sahun da zai ɗaga waya ƙarfe biyun dare. A wasu jihohin arewa ƙungiyar direbobi ta NURTW tana da masu sa kai don kai mata masu ciki asibiti. Katin awo, takardar hoto, zannuwa da kuɗin mota su zauna cikin jaka guda a bakin gado. Kada a bar ta a gida daga ita sai yara.

Kafin ku ga likita, ko a kwancen ta riƙa motsa ƙafafu, tana lanƙwasa tafin sawu sama da ƙasa, tana juyawa gefe zuwa gefe, ta guji daɗewa a rigingine, ta sha ruwa sosai, ta ci ganye da kayan marmari don kada ta yi yunƙuri a bayi. Salla ba ta zama damuwa ba: hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ce a yi a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kan gefe. Hukuncin jinin da take gani da na azumi, a tambayi malami tare da gaya masa abin da likita ya ce. In ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi mata wuya farat ɗaya, ko ƙirji ya riƙe, ko ruwa ya fashe, ko mara ta fara murɗawa, ko motsin ɗan ya ragu, asibiti ne a take.

Sai izini. Ka ba ta shi yau, da bakinka, a gaban Hajiya da duk wanda ke gidan, kuma izinin ya zama na dindindin har ta haihu. Mata da yawa sun rasa ransu suna jiran maigida ya dawo ya ce a tafi. In ta sake ganin jini, ko ɗigo ne, ko tsakar dare ne, kada a jira gari ya waye, kada a jira ka rufe shago. A ɗauki jakar a tafi, a kira ka a hanya.